Ranar da Manhajar Masta Ta Kashe Hajiya Azara

Duk wanda ya shigo shagona a cikinku da laftof a goye, kafin ya zauna na san abin da zai nuna mini. Zai buɗe, ya danna, ya ce, "Baba Awudu, duba sauri." Ƙaton fayil ya buɗe kafin ƙiftawar ido, shi kuma yana ta washe baki kamar shi ya ƙirƙiro wutar lantarki. In na tambaye shi me zai faru idan wani ya taɓa fayil ɗin nan alhali manhajarsa tana tsakiyar karantawa, sai ya ce ai ba wanda zai taɓa. To ku ajiye wayoyin nan ku zauna. Na taɓa jin wannan amsar daga bakin wanda ya girme ku, ya fi ku tumbi, kuma na ga inda ta kai mu.

Aikin farko da Masta Fuseini ya ba ni shi ne wanke kebod. Shagonsa yana unguwar Sakasaka a nan Tamale, ɗaki ɗaya mai fanka guda, rabi wurin gyaran kwamfuta, rabi wurin da mutane ke zuwa aika saƙo ga 'yan'uwansu na ƙasashen waje. Shi Badagombe ne, dogo, marar yawan magana, ni kuwa ɗan Zango, ubana mai fataucin goro. Ya miƙo mini tsohon burushin haƙori da ɗan kwano, ya ce in ciro maɓallan ɗaya bayan ɗaya, in wanke, in mai da kowanne gidansa. Abin da na tono a ƙarƙashinsu ba ya faɗuwa: ɓawon gyaɗa, ƙwayar shinkafa, gashin gemu, har mataccen kyankyaso. Da na gama na maida wasu haruffa a gidan da ba nasu ba. Bai yi mini faɗa ba. Ya zaunar da ni ya ce in rubuta sunana da kebod ɗin, na danna wani harafi, wani daban ya fito. Ya ce, "Ka gani? Mashin ba ya duba abin da ka nufa. Gidan da ka nuna masa, can zai je."

Kayan aikinmu a lokacin za su shiga jaka ɗaya: sukudireba mai kan tauraro, ƙarfen narka dalma, mitar gwada wuta, da wani tsohon sitabilaiza mai gurnani duk lokacin da wuta ta yi ƙasa. Sai da na daɗe ina kwance na'ura ina ɗaurawa kafin ya yarda in rubuta layi ɗaya na manhaja. Da harshen C ya koya mini, wanda ba ya tsare ka daga komai. In ka ce masa ya karanta wurin da ba naka ba a ƙwaƙwalwar kwamfuta, zai karanta. In ka ce ya rubuta a kan kayan maƙwabci, zai rubuta, ko kallonka ba zai yi ba. Ku yanzu harsunanku suna riƙe muku hannu kamar yaro mai koyon tafiya, amma kowannensu yana da wata ƙofar baya, inda kake rubuta kalma ɗaya mai nufin na ɗauki nauyin abin da zai biyo baya. Ina ganin yadda kuke rubuta kalmar nan ba tare da kun ko ɗaga kai ba.

Wata makarantar sakandare ta taɓa kawo mana manhajar da ke fitar da sakamakon jarrabawa. Shugaban makarantar, Ticha Mahama, mutum mai son raha, ya ce akwai yaro guda da kullum yake faɗuwa lissafi a takarda alhali shi ne na ɗaya a aji. Masta ya zauna a gaban abin har ƙafarsa ta yi tsami. Ashe wanda ya rubuta manhajar ya ware wa suna ɗan ƙaramin wuri, shi kuwa yaron nan sunansa da na ubansa da na kakansa duk doguwar riga ce. Sunan ya cika wurinsa ya malala cikin gidan da ke kusa, inda makin lissafi yake zaune, ya shafe shi. Daga ranar Ticha Mahama ya zama namu, duk inda ya zauna sai ya ba da labarin yaron da sunansa ya cinye makinsa. Haka sunan Masta ya bazu a Tamale, baki da baki. Ba shi da allon talla, ba shi da mota. Sunan nan shi ne dukan abin da ya mallaka.

Yanzu ku saurara, ko da kuna ganin kun sani. Manhajarka ba ta taɓa faifai da hannunta. Akwai babbar manhaja mai tafiyar da kwamfutar gaba ɗaya, ita ake roƙo ta ɗauko fayil. Hanya biyu ce. Ta farko, ka ce ta auno maka, ta juye a buhunka, ka ɗaure ka tafi da shi, kamar yadda ake sayen masara a kasuwa. Akwai jira, akwai ɗawainiya, amma abin da ke buhunka naka ne, ko shagon ya ƙone. Ta biyu, ka ce ta buɗe maka taga a jikin shagon, ka riƙa miƙa hannu kana ɗiba daga buhun mai shago duk lokacin da kake so. Ba awo, ba juyi, ba jira. Manhajarka tana ganin fayil ɗin tamkar yana cikin ƙwaƙwalwarta. Sai dai in mai shago ya ɗauke buhun, hannunka zai faɗa fanko, manhajar ta mutu nan take ko sallama babu. In kuwa ya canja buhun da na gero, gero za ka ɗebo, kana rantsuwa masara ce. Masta yakan ce ta farkon tana ɓata lokaci, ta biyun tana bukatar amana, kuma amana ta fi lokaci wuyar samu.

Aikin gidan rediyon nan shi ne mafi girma da muka taɓa samu. Ba zan faɗi sunan gidan ba, masu shi na yanzu ba su ne na lokacin ba. Suna da shiri da Dagbanli, da Turanci, da kuma na Hausa wanda duk Zango ke saurara bayan azahar, musamman saboda sanarwa: rasuwa, suna, ɗaurin aure, ɓatan akuya. Masta ya rubuta musu manhajar da ke saka sauti a kan lokaci. Mai karanta sanarwar Hausa a lokacin Alhaji Iddi ne, dattijo mai murya kamar ganga, wanda bai yarda da kwamfuta ba ko kaɗan. Don kada a rikita shi, sai aka shirya abin da sauƙi. Zai ɗauki muryarsa a ƙaramin ɗaki, ya ajiye kullum da suna ɗaya tak, sabuwa ta hau kan tsohuwa, ita kuma manhajar da ke ɗakin watsa shiri ta san sunan, in lokaci ya yi ta ɗauko. Ta hanyar farko take ɗaukowa, ta juye duka a buhunta sannan ta fara.

Kwamfutar gidan tsohuwa ce, faifanta yana tafiya kamar jakin da ya sha kaya. In tafsiri ne ko dogon wa'azi, sai a yi ɗan shiru a iska kafin sauti ya fito. Shirun nan ne ya hana manajan gidan barci. Wata sabuwar tasha ta buɗe a gari, shi kuwa gani yake duk daƙiƙar shiru mutum ɗari sun murɗa zuwa can. Ya kira mu ofishinsa, yana zaune a ƙarƙashin na'urar sanyi, mu muna tsaye.

"Masta, mashin naka yana da nawa paa, nawa sosai," in ji shi. "Shiru a rediyo mutuwa ne. Ka cire shi."

Masta ya ce a sayi sabon faifai. Manaja ya ce ba yanzu ba. Masta ya ce to akwai wata hanya, ya kwatanta masa taga, ya kuma ce in aka bi ta nan dole a canja yadda ake ajiye sanarwa, a sa kulle, don kada wani ya rubuta a kan fayil yana kan iska. Wannan kuwa sai an rufe ƙaramin ɗakin na ɗan lokaci an sake koya wa Alhaji Iddi komai daga farko.

"Kulle daga baya," in ji manaja. "Wa zai taɓa? Alhaji kaɗai yana shiga ɗakin. Ka faɗa masa kawai."

Ina wurin. Da kunnena na ji, kuma har gobe in na tuna yadda ya faɗe ta yana duba wayarsa sai raina ya ɓaci.

Masta ya yi aikin, ya yi shi da kyau. Shirun ya ɓace kamar ba a taɓa yi ba. Ya zaunar da Alhaji Iddi ya ce masa, "Alhaji, in kana jin muryarka a iska, ka ɗauke hannunka daga mashin har ta ƙare." Dattijon ya riƙe wannan kamar alwala. Shekaru suka wuce ba abin da ya faru. Duk lokacin da Masta ya tayar da maganar kulle, sai a ce masa ai abu yana tafiya lafiya, me zai sa a taɓa shi. Daga baya Alhaji Iddi ya tsufa ya koma gida. Aka ɗauko wani mai suna Abdulai daga wata tasha, ƙwararre ne, ba yaro ba. Aka nuna masa makirufo, aka nuna masa sunan da zai riƙa ajiyewa da shi. Ba wanda ya gaya masa sauran, mu kuma ba wanda ya gaya mana an canja mutum.

Shekarar nan dama ba ta zo mana da daɗi ba. Wuta tana zuwa tana tafiya yadda ta ga dama, na'urorin mutane suna ƙonewa, su kawo mana suna zagi kamar mu ke riƙe da madatsar ruwa. Lokacin dawowar alhazai ne. Ina shago bayan azahar, ina narka dalma a kan wani allo, rediyo yana kunne. Sai muryar Abdulai ta fito: "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Cikin alhini muna sanar da 'yan'uwa Musulmi na Tamale da kewaye rasuwar mahaifiyarmu," sai wani ɗan ƙas wanda ba kowa zai lura ba, muryar ta ci gaba, "Hajiya Azara mai waakye ta Kaladan, wadda ta tafi aikin Hajji bana. Ana gayyatar kowa da kowa gidanta gobe da safe." Daga nan aka saka waƙar yabon Annabi.

Na ajiye ƙarfen na yi salati. Wa bai san Hajiya Azara ba? Rabin Tamale sun ci shinkafa da wakenta. Masta kuwa yana can ƙuryar shago, ya ɗago kai a hankali ya ce, "Awudu, ka ji ƙarar nan a tsakiya?" Fuskarsa ta canja. Ya ɗauki makullin babur.

Ga abin da ya faru. Sanarwar da ke kan iska ta wata tsohuwa ce da ta rasu a Bulpiela. Sanarwar tana cikin tafiya, Abdulai yana ƙaramin ɗaki ya gama ɗaukar wata sabuwa, wadda ƙungiyar mata masu sayar da abinci suka kawo, ta murnar dawowar shugabarsu daga Makka. Ya danna ajiye, sabuwa ta hau kan tsohuwa. Manhajar ta miƙa hannu ta taga ta ɗebo abin da ta tarar. Kan magana na rasuwa ne, gangar jiki ta murna, murya ɗaya, ɗaki ɗaya. Kuma tun da farko manhajar ta riga ta auna tsawon tsohuwar sanarwar, don haka ta tsaya daidai inda waccan ta ƙare, ta yanke wurin da ake cewa domin yi mata barka da sauka. Masta ya ce da a ce hannun ya faɗa fanko manhajar ta mutu, da mun tsira, shiru kawai za a ji. Ba ta mutu ba. Ta yi aikinta cikin sauri kamar yadda aka nema.

Wanda ke kula da ɗakin watsa shiri ya fita cin abinci. Kafin mu isa a gane abin da ya faru a yi gyara a iska, wa ke sauraro? Mutane sun kashe rediyo sun kama waya, wasu sun kama hanyar Kaladan. Ita Hajiya tana cikin jirgi, wayarta a kashe. Mijinta, Mba Yakubu, dattijo mai hawan jini, yana zaune a ƙofar gida da rediyo a cinyarsa. Ya miƙe zai shiga ciki, ya faɗi. Da Hajiya ta iso gida ta tarar an kafa rumfa, an jera kujerun roba, mata sun ɗora tukwanen sadaka, mijinta kuwa yana asibiti, ɓarin jikinsa ɗaya ya mutu. Bai sake yin magana da za a gane ba har ƙarshen ransa. Iyalan tsohuwar Bulpiela su ma suna can suna jiran jin sunan uwarsu, ba su ji ba.

Washegari manaja ya sake kiran mu. Wannan karon ma a tsaye muke.

"Masta, mashin naka ne ya yi magana. Hajiya bai mutu ba, mashin ya ce ya mutu."

"Na gaya maka a sa kulle," in ji Masta.

"Ka gaya wa wa? Ni ban san taga ba, ban san ƙofa ba. Kai ne injiniya. In abu yana da haɗari, don me ka yi shi?"

Ni na buɗe baki, Masta ya ɗaga mini hannu. Da la'asar suka ba da haƙuri a iska da harsuna uku, suka ce kuskuren ya fito ne daga injiniyan kwamfutar da ke yi wa gidan aiki. Ba su faɗi suna ba, ba sa bukata. Injiniya nawa ne a garin a lokacin? In jifa ya wuce kanka, ya faɗa kan kowa, haka manaja ya yi, ya kuma ci gaba da zama a ƙarƙashin na'urar sanyinsa har ya yi ritaya da walima.

Masta ya nemi dattawan unguwarsu suka raka shi Kaladan da goro, kamar yadda ake yi. Na bi su. Hajiya tana zaune a tsakar gida, an dawo da Mba Yakubu yana kwance a kan katifa a gefenta, tana kora masa ƙuda. Dattawa suka yi magana, ta saurara. Sannan ta dubi Masta.

"Ɗana, ni ban san ka ba. Me na yi maka?"

Ya fara bayani. Ku gaya mini, ta yaya za ka kwatanta wa matar nan fayil da ƙwaƙwalwar na'ura? Ya yi jimla biyu ya tsaya.

"An ce ba abin da ya gagare ka gyarawa," in ji ta. Ta nuna mijinta. "To ga shi nan."

Ta karɓi goron, domin dattawa. Muka tashi.

Daga nan aiki ya fara janyewa. Ba wanda ya zo ya ce ya daina hulɗa da mu, sai dai ka ga kwamfutar da ka saba gyarawa a shagon wani. Masu kantin magani suka ce suna tsoron mashin ya haɗa musu magani da wani. Yara a hanya suna kiran sa mai kashe mai rai. Har abokansa suka mai da abin wasa, in ya shigo wuri sai wani ya ce, "Masta, yau wa za ka kashe?" a yi dariya, shi ma ya yi ɗan murmushi. Wannan dariyar ta fi zagin ci mini rai. Bai cika shekara biyu ba ya miƙa mini makullin shago ya koma gidansa a Bulpiela, yana gyara fanka da dutsen guga a zaure. Mutumin da ya iya karanta ƙwaƙwalwar na'ura kamar allo, ya ƙare yana naɗa waya a jikin fanka.

Ni aka kira na gyara manhajar. Na mai da ita hanyar farko, na sa kullen da aka hana shi sawa, ya ɗauke ni ɗan lokaci kaɗan, abin takaici. Ba a jima ba suka fara ƙorafin shiru ya dawo. Kada ku ce na haramta muku taga. Ni ma ina buɗe ta in fayil ɗin nawa ne ni kaɗai, ba mai rubutu a kansa, ba a kan filash yake ba da wani zai zare ya sa a aljihu. In za a canja shi, a rubuta sabo da wani suna a gefe, sai an gama a musanya. Kuma ka shirya wa ranar da hannunka zai faɗa fanko. Amma kafin duk wannan ka je ka ga mutanen da za su yi aiki da abin, ka tambayi kanka wa zai gaje su in sun tafi, domin gargaɗin baki ba ya bin kujera.

Masta ya rasu da safe, ranar wata Talata, bayan gajeriyar jinya. Aka sa jana'iza bayan azahar. Ni na kai sanarwar gidan rediyon nan, domin har yanzu shi Zango ke saurara. Na roƙa a saka ta da hantsi, na tsaya a kan mai karantawa har ya gama, na tsaya a ɗakin watsa shiri har ta fita daga farko zuwa ƙarshe, sunansa da na ubansa da unguwarsa, ba ƙas ba komai. Na koma Bulpiela ina tunanin ko titin zai ɗauki jama'a, mutumin da ya yi wa rabin ofisoshin garin nan aiki. Da aka tayar da salla na waiwaya. 'Yan'uwansa ne da maƙwabta, sahu na biyu ma bai cika ba.

Sai bayan mun dawo daga maƙabarta suka fara zuwa, ɗaya ɗaya, suna sunkuyar da kai. Ticha Mahama ya iso dab da magariba, ya tsufa, yana dogara sanda. Ya kama hannuna ya ƙi saki.

"Awudu, na ji tun da hantsi," in ji shi. "Wallahi dariya na yi. Na ce wa matata yau kuma mashin ɗin Masta shi kansa ya kama. Na ce bari in jira su yi gyara."

Yana zaune kusa da rediyonsa yana jiran gyara, mu kuwa muna can muna zuba ƙasa.